A Bar Mana Hajiya: Ra'ayinmu Kan Tsohuwar Kwamfutar Ofis

 

Waɗanda suka halarci taron watan jiya sun ga yadda aka tashi baram-baram a kan maganar kwamfutar ofis. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, abin da ya faru shi ne, Ma'aji ya kawo shawarar a sayar da tsohuwar kwamfutar ga 'yan gwangwan, a ƙara kuɗi daga asusu a sayo laftof. Wasu suka goyi baya, wasu suka ƙi, har aka kira magariba ba a tsayar da magana ba. Shugaba ya ce a bari sai zama na gaba a kaɗa ƙuri'a. Mu da ke kula da ofis da wannan shafi muna cikin waɗanda suka ƙi. Tun da a wurin taro ba kowa ke samun ƙarasa zancensa ba, mun ga ya kamata mu baje hujjarmu a nan, kowa ya karanta a natse kafin ranar. Ma'aji babanmu ne, ba mu da ja a kan amanarsa, kuma akwai inda ya fi mu gaskiya. Za mu faɗi wurin idan mun zo kansa.

Ga baƙi a cikinmu, Hajiya sunan kwamfutar ne. Wani dattijo ya raɗa mata shi, ya ce duk lokacin da aka kunna ta ji yake kamar jirgin alhazai zai tashi daga filin jirgin Ikeja. Bai yi ƙarya ba. Idan tana aiki, mai amsa waya sai ya fita waje. An taɓa yin sulhu tsakanin wasu 'yan kasuwa biyu a ofis, sai da aka kashe ta kafin a ji abin da kowa ke cewa, aka koma rubuta yarjejeniyar da biro. Saboda haka duk wanda ya ce ya gaji da ita, muna ba shi gaskiya. Abin da muke cewa kawai shi ne, Hajiyar da aka yi hukunci a kanta a taro ba ita ce ke ofis yanzu ba, domin da yawa daga cikin masu hukuncin sun yi watanni ba su leƙa ɗakin ba.

Ya kamata a san wace irin na'ura ce. Ba irin kwamfutar teburin da aka saba gani a shagon buga takardu ba ce. Tana cikin jinsin da ake ƙera wa injiniyoyi da masu zanen gini da masu haɗa fim, dangin su HP Z da Dell Precision da Lenovo ThinkStation. Ana sa musu ƙwaƙwalwa mai ƙarfi irin su Xeon, da RAM mai gyara kuskuren kanta, da akwatin ƙarfe mai nauyin da yaro ba zai ɗauka shi kaɗai ba. Kamfanonin Turai da Amurka kan yi aiki da su 'yan shekaru su sauya, sai su biyo kwantena su sauka a Legas, mu kuma mu same su a Ikeja ko Alaba da sunan tokunbo. An yi su ne domin su kwana suna aiki, amma a ɗaki mai na'urar sanyaya, wanda ake sharewa kullum. Tamu kuwa shekarunta nawa a ƙasan tebur, a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon titi, tana shaƙar ƙurar hunturu da hayaƙin motoci da damshin damina, ba wanda ya taɓa kwance mata noti ko ɗaya.

Wasu samari uku daga cikin 'ya'yanmu suka roƙi Sakatare ya ba su makullin ofis duk Asabar bayan azahar. Babu mai shaidar karatun kwamfuta a cikinsu. Ɗaya yana taya yayansa gyaran waya, ɗaya ya gama sakandare yana jiran sakamako, na ukun tsohon ɗan acaɓa ne da ke zaune ba aiki. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Sha'awa ce kawai, irin wadda ke sa yaro ya kwance rediyon babansa ya ga mai maganar da ke ciki.

Abin da ya fara burge mu shi ne ba su fara da sayen komai ba. Saurare suka fara yi. Suka buɗe murfin gefe, suka naɗe takarda kamar bututu, suka riƙa kara ta a kunne suna bin sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya. A nan suka gane cewa abin da muke ji a matsayin ƙara guda ɗaya, ƙararraki ne daban-daban suka haɗu. Akwai hucin iska na fankokin da ke gudu iya ƙarfinsu. Akwai wani gurnani daga wata ƙaramar fanka da gindinta ya cinye, tana juyawa tana karkarwa. Akwai ƙas-ƙas na faifan ajiya. Sannan akwai rawar da murfin akwatin ke yi, wanda teburin katako ke ɗauka ya ƙara masa amo kamar ganga.

Hucin iskar shi ne babba, kuma dalilinsa ƙura ne. A saman ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani ƙarfe mai siraran haƙora kamar matsefi, aikinsa ya janye zafi, fanka kuma ta hura iska ta tsakanin haƙoran ta tafi da shi. Da suka ciro na Hajiya, ƙura ta dunƙule a jikinsa ta zama kamar bargo, har ana iya ɓare ta da hannu. Iska ba ta wucewa, zafi na ƙaruwa, ita kuwa na'urar abin da ta sani kawai shi ne idan zafi ya hau ta ƙara wa fanka gudu. Ashe duk shekarun nan da muke zaginta, kukan neman agaji take yi. Suka fitar da ita tsakar gida, suka bi ta da burushin fenti da abin hura iska na hannu, suna riƙe fikafikan fanka da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima ta lalata su. Wani ya ba su shawarar su kai wa mai faci ya busa mata iskar taya, suka ƙi, domin iskar wannan injin tana da ƙarfi da yawa kuma takan zo da ruwa.

Tsakanin ƙwaƙwalwar da wancan ƙarfe akwai wani mai ruwan toka da ake shafawa, kamar man goge baki, wanda ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya ratsa da kyau. Idan ya shekara da yawa yakan bushe ya zama kamar busasshen laka. Nata ya bushe ƙarƙaf. Suka goge, suka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Wannan man da batirin agogon ciki, wato ɗan faifan nan mai lamba CR2032 da ake samu ko a wurin mai gyaran agogo, su ne kayan farko da suka saya, da kuɗin aljihunsu. Batirin ma ba don banza ba. Idan ya mutu, kwamfuta kan manta kwanan wata da duk saitin da aka yi mata da zarar an ɗauke wuta, shi ya sa takardunmu na wasu shekaru ke ɗauke da kwanan watan da bai yi daidai ba.

Akwai wani abu game da fanka da ya kamata duk mai sha'awar wannan harka ya riƙe. Ƙarar fanka ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta, tana rigan gudun hawa nesa ba kusa ba. Masana iska sun lissafa cewa idan aka rage gudun fanka zuwa rabi, ƙararta kan sauka da kimanin desibel 15, alhali ragin desibel 10 kaɗai kunnen mutum kan ji shi kamar an raba ƙara biyu. Ke nan ba sai an tsayar da fanka ake samun shiru ba, a ba ta dalilin tafiya a hankali ya isa. Wannan ne ma ya sa babbar fanka mai milimita 120 da ke juyawa sannu ta fi ƙarama mai milimita 80 da ke gudu daɗin zama, ko da iskar da suke turawa ɗaya ce. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin fankar sama, sannan ya kwana kusa da 'yar ƙaramar fankar tebur, ya san wannan ba tare da lissafi ba.

Faifan ajiya kuwa tsohon yayi ne, mai farantai a ciki da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya, da allura mai kai da komo a kansu. Wani ɗan uwa mai shago ya ba da kyautar SSD ƙarama da ya cire daga wata laftof da ta mutu. Ita SSD babu abin da ke motsi a cikinta, don haka ba ta da ƙara ko kaɗan, kuma tashin kwamfutar da a da sai an kunna a je a yi alwala a dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe. Murfin da ke rawa kuma guntun robar tayar keke ya yi maganinsa. Suka sauke akwatin daga jikin tebur suka ɗora shi a kan 'yar katako mai ƙafafun roba, nesa da bango da tazarar taƙi ɗaya, don iskar da ta fito ta baya ta samu wurin tafiya.

Ba za mu ɓoye inda suka yi ɓarna ba, domin a kan wannan ne wasu dattawa suka kafa hujja, kuma suna da dalili. Da yaran suka ga aiki na kyau, sai zumuɗi ya ɗebe su. Waccan fanka mai gurnani, maimakon su jira a samu madadinta, sai suka zare wayarta gaba ɗaya. Irin waɗannan injuna suna ƙirga fankokinsu duk lokacin da aka kunna su. Da ta nemi ɗaya ta rasa, sai ta tsaya da wani rubutu a allo tana jiran a danna maɓalli, bayan an danna kuma ta saki sauran fankokin da gudun da ya fi na da. Suka sayo wata a kasuwa, bakin wayarta bai shiga ba, domin masu ƙera waɗannan manyan injuna kan yi nasu bakin waya daban da wanda aka saba mai ƙafa huɗu. Suka yanke suka haɗa da nasu tunanin. Ranar Litinin Sakatare na tsakiyar buga takardar gayyata, na'urar ta ɗau zafi ta kashe kanta. Kwana huɗu ofis babu kwamfuta, sai shagon kasuwa aka je aka biya aka buga. Garin neman gira saura ƙiris a rasa ido.

Allah ya taimaka, kafin su taɓa komai sun kwafe duk takardun ƙungiya a filas biyu, ɗaya a hannun Sakatare, ɗaya a hannun Shugaba. Mu kanmu ba mu taɓa yin haka ba tun da aka kafa ofishin. Rajistar membobi, lissafin gudummawar jana'iza, sunayen marayun da muke ɗaukar nauyinsu, takardun filin makaranta, duk a kan tsohon faifai guda suke zaune tsawon shekaru, wanda da ya mutu dare ɗaya da sai dai salati. Su yaran da ake cewa suna wasa da kayan jama'a, su ne suka fara tunanin haka.

Daga baya aka samu fankar da ta dace a jikin wata matacciyar irinta a wurin masu sayar da sassa a Ikeja. Darasin da suka ɗauka, wanda mu ma muka ɗauka, shi ne kwamfutar da ta yi shiru saboda ta samu sanyi daban take da wadda aka toshe wa baki. Yanzu akwai 'yar manhaja a gefen allo da ke nuna zafin ƙwaƙwalwar a kowane lokaci, kuma sun rubuta a takarda sun manna a bango cewa idan lambar ta wuce kaza a kashe a kira su.

Sai maganar manhaja, wadda ita ce ta fi jawo surutu. Hajiya da Windows 10 take aiki. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da wani ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman. Ma'anar haka ita ce kwamfutar za ta ci gaba da tashi, amma ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa ba za a riƙa toshe mata su ba. Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da aka yi daga wajen 2017 zuwa sama. Tamu ta girmi wannan. Wannan ita ce hujjar masu cewa kwananta ya ƙare.

Akwai hanyar da wasu masu gyara ke bi su cusa Windows 11 a injin da bai cancanta ba, ko su sa wadda aka fasa makullinta. Ba mu yarda da wannan a kwamfutar da ke riƙe da sirrin mutane ba. Yaran suka kawo shawarar Linux, babbar manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, wadda kyauta ce kuma halal ne kowa ya kwafa ya raba. Tana da ire-ire da yawa. Suka zaɓi Linux Mint mai fuskar da ake kira Xfce, saboda ba ta da nauyi kuma tsarinta bai yi nisa da abin da Sakatare ya saba ba. Zubi na 22 na wannan manhaja an yi alkawarin tallafa masa har 2029. Kafin su girka ta, sai da suka tashi kwamfutar da ita daga filas na tsawon mako biyu ba tare da an goge komai ba, kowa ya taɓa ya gani. Rashin nauyin nan ma yana da alaƙa da shiru, domin manhajar da ba ta tara ayyukan ɓoye a bayan fage ba ta sa ƙwaƙwalwa zufa, fanka kuma ba ta da dalilin tashi.

Mun san abin da ya ba dattawa haushi. Makonni aka yi duk wanda ya leƙo ranar Asabar sai ya tarar da su suna sauya launin allo, yau sandar maɓallai tana ƙasa, gobe tana gefe, jibi an sa hoton ganuwar Kano, gata an cire. Wani baba ya ce, shin wannan aiki ne ko kwalliyar amarya? Mu ma mun yi dariya. Gaskiya rabin abin da suka yi a lokacin ba shi da wani amfani sai jin daɗin kansu, kuma ba mu ga laifin hakan ba, tun da ba kuɗin kowa suka ci ba. Amma a cikin wannan taɓe-taɓen ne suka gano inda ake ƙara girman rubutu, yanzu Sakatare na karanta allo ba tare da ya manna fuskarsa a jiki ba. A ciki ne suka gano akwai tsarin madannai na Hausa a cikin manhajar, suka kunna shi. Ku duba rubutun nan da kuke karantawa, za ku ga ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa. Shekara da shekaru takardun ƙungiyar Hausawa na fita ba a bambanta ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, har muka ɗauka haka Allah ya yi kwamfuta. Wanda bai da lokacin wasa da na'ura ba zai taɓa tuntuɓe da irin wannan ba, domin mai shago da ka kai wa gyara abin da ka ce kawai zai yi ya karɓi kuɗinsa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, amma idan takarda ta zo da salon rubutun da babu shi a kwamfutar, layuka kan ɗan goce, sai an gyara. CorelDraw da masu katin biki suka saba da ita ba ta da zubin Linux, akwai Inkscape a madadinta amma sai an koya daga farko. Firintar ofis ta kama aiki nan take, ɓangaren ɗaukar hoton takarda kuwa sai da aka yi Asabar biyu ana fama. Duk mai sana'ar da ta dogara da wata manhaja takamaimai, kada ya ce mun ce ya goge tasa. Aikin ofishinmu wasiƙa ne da rajista da lissafi da wannan shafi, kuma duk suna tafiya.

Yanzu ga inda Ma'aji ya fi mu gaskiya, wato wuta. Irin wannan babbar na'ura ta fi laftof ci nesa ba kusa ba, kuma ba ta da batir, da an ɗauke wuta ta mutu. Mu yi lissafi a fili. A ƙaddara ita da allonta suna jan wat 150, ana kunna ta awa 6 a rana, kwana 25 a wata. Yunit 22.5 ke nan. Ko da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024 aka yi lissafi, kuɗin ya kama naira 5,000 da 'yan kai. Laftof mai jan wat 30 a daidai wannan lokaci za ta ci yunit 4.5, wajen naira 1,000. Bambancin ya kai naira 4,000 a wata, 48,000 a shekara. Kuɗi ne, ba mu raina ba. Amma kowa ya tambayi farashin laftof mai lafiya a Ikeja yau, ya raba da wannan adadi, ya ga shekara nawa za a yi kafin ta mayar da kuɗinta, ya kuma tuna batirin tokunbo ba ya kai wa nan. Idan wata rana ƙungiya ta koma sola, to lissafin ya sauya, mu da kanmu za mu zo mu ce a nemi mai cin wuta kaɗan. A yau dai abin da ya fi araha shi ne a sayi UPS ƙarama, a kuma riƙa kashe Hajiya idan ba a aiki, wanda yanzu ba wahala tun da tashinta ba ya ɗaukar lokaci.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a taro saboda kunya. Laftof tana da ƙafa. Yau wani shugaba zai ce a ba shi ya je gida ya ƙarasa wasiƙa, gobe ɗansa na kallon fim da ita, jibi a ce ta faɗi ko an ɗauke a mota, kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya tambaya. Duk wanda ya daɗe a harkar ƙungiyoyi ya san inda kayan jama'a marasa nauyi ke ƙarewa. Hajiya kuwa sai mutum biyu sun kama, kuma duk layin zai gan su.

Masu cewa a ba 'yan gwangwan, mu tambayi kanmu su wane ne 'yan gwangwan a garin nan. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, su ne ke tura kura a unguwanni, su ne a bolar Olusosun ta Ojota. Mun san yadda ake yi da irin wannan kaya: a fasa da guduma, a ware ƙarfe, a tara wayoyi a cinna musu wuta don a fitar da jan ƙarfe, yaro na tsaye a kan baƙin hayaƙin roba ba ko ƙyalle a hanci. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kwamfutarmu guda ba za ta sauya wannan adadi ba. Sai dai bai dace ƙungiyar da ke tara kuɗin asibiti wa masu ciwon ƙirji ta miƙa na'ura mai lafiya a ƙona saboda 'yan canjin da ba za su sayi buhun ruwa goma ba.

Babban dalilinmu dai su yaran ne. Tun watan Fabrairun 2020 da gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi ciki har da Ikeja, ta kuma sake tsaurarawa a watan Yunin 2022, kowa ya san yawan samarinmu da suka rasa abin yi. A kowane taro sai an tashi an ce matasa su koyi sana'a. To ga wasu sun fara koya da kansu, a ɗakinmu, a kan idonmu, sai kuma mu ce a ƙwace abin koyon a kai bola? Ga kasuwar kwamfuta ta Ikeja nan kusa da mu, wadda ake zuwa daga ƙasashen maƙwabta. 'Yan uwanmu nawa ne ke da teburin gyara a cikinta, idan aka kwatanta da masu dako da masu gadi? Shiga wurin maigida koyon aiki na buƙatar kuɗi da mai tsaya maka, kuma maigida ya fi son yaron da ya riga ya san bambancin RAM da faifai. Irin wannan sanin ba a samunsa sai hannu ya taɓa, sai an lalata an gyara. Ba mai ba ka sabuwar laftof ka koya a kanta, da yawansu ma an manne sassansu ba a buɗewa cikin sauƙi. Tsohuwar babbar na'ura irin Hajiya kuwa murfinta da hannu ake buɗewa, komai na ciki a sarari yake kamar an shirya shi don darasi. Tsohon ɗan acaɓan nan, makon jiya wani mai kemis ya kira shi ya share masa kwamfuta ya sauya mata man zafi, ya biya shi. Kuɗin ba yawa, amma shi ne na farko da ya samu da sukudireba.

Abin da za mu roƙa a kaɗa ƙuri'a a kai shi ne a bar Hajiya a ofis, a sayi UPS, a kuma ba yaran kusurwar ɗakin baya duk Asabar. Mun yarda da sharuɗɗan da dattawa suka kawo, mun ma ƙara namu. Daga yau Hajiya ta aiki ce, ba a sake gwaji a kanta sai da izinin Sakatare, kuma sai an sabunta kwafin takardu tukuna. Kalmar sirrin rajistar membobi ba ta hannun yaran, ko su ba su nema ba. Akwatin wutar da ke cikin kowace kwamfuta ba mai kwance shi, domin akwai sassa a ciki da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare waya daga bango, idan fankarsa ce ke ƙara sai a sauya shi ɗungurungum ko a kai wa gwani. Gwaji kuma a yi shi a kan matattu. Mun san akwai gidaje da shaguna da dama da ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado ko a saman kabad, an rufe da zani. A kawo su, amma mai ita ya faɗa idan akwai hotunan iyali ko takardu a ciki, a cire masa faifansa a gabansa ya tafi da shi. Iyaye mata sun yi tambaya ko 'yan mata za su iya shiga. Za su iya, kuma Shugabar mata ta ce za ta zauna da su da kanta idan an ware musu safiyar Lahadi.

Kafin ranar ƙuri'a, muna gayyatar kowa, musamman waɗanda suka goyi bayan sayarwa, su biyo ta ofis ranar Asabar bayan la'asar su ji da kunnensu. Ma'aji ya ce zai zo da na'urar auna wuta da ya aro, a gwada a ga ko wat 150 ɗin da muka ƙaddara ya yi daidai, kuma duk abin da ta nuna za mu rubuta shi a nan ko da ya kayar da lissafinmu. Roƙo ɗaya, wanda ya shigo ya ga allo a duhu kada ya danna maɓallin gaba, ya fara motsa linzami tukuna. Sau biyu ke nan ana kashe ta tana tsakiyar aiki, an ɗauka a kashe take.